Rabin "A'a" Kuke Koya wa Yaranmu

Da ku nake, masu darasin Faransanci na bayan la'asar a Umdurman da Hartum, ku da kuka jingina allo a bangon zaure a Umbadda, ko kuka kama hayar ɗaki a Mayo da Inkaz, kuna karɓar kuɗin iyaye wata-wata. Da yawanku Hausawa ne 'yan'uwana, yaran da ke zaune gabanku ma jikokin Hausawa ne, shi ya sa ba zan yi muku kara ba. Yaro ya shafe watanni yana sintiri wurinku. Ya iya gaisuwa, ya iya ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari, ya haddace ranakun mako da sunayen watanni da launuka. Amma ka ce masa ya faɗi "ban taɓa zuwa ba", ko "ba ni da takarda", ko "ban ga kowa ba", sai ya tsaya yana zare ido. In ma ya ƙuƙuta ya haɗa wani abu, rabin jimla zai ba ka, kuma rabin da ba shi da amfani. Wannan ha'inci ne, ko da ba da gangan kuka yi shi ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'aikacin kan iyaka ko magatakardan asibiti ya san cewa musu ne ke fitar da mutum. Ba ni ba ne. Wannan ba sunana ba ne. Ban karɓa ba. Ba a ba ni ba tukuna. Ba ni da ciwon sukari. Mutumin da "i" kaɗai ya iya a harshen da ake yi masa tambaya da shi, kowa ya ga dama ya ɗora masa abin da yake so. Babin korewa ke nan, babin da kuke gamawa a zama ɗaya ku wuce.

Kun fi ni sanin abin da ya kawo yaran nan gabanku. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun Da'amus Sari', Faransanci ya tashi daga abin kwalliyar 'ya'yan masu hali ya koma abin buƙata. Dubban ɗaruruwan mutane sun tsallaka Chadi ta Junaina da Adre, wasu sun faɗa Afirka ta Tsakiya, wasu sun kai har Agadas. Gaskiya ne a Abeshe da Njamena Larabci na kai mutum kasuwa ya komo da shi gida, kamar yadda Hausa ke yi a Agadas da Maraɗi. Amma takardar ofis, katin asibiti, kwalin magani, jarrabawar shiga makaranta, akasarinsu da Faransanci suke. Ko Nijar, da ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Maris na 2025 ta kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci cikin harsunan aiki. Kafin yaƙi, mai kuɗi kan tura ɗansa cibiyar Faransa da ke titin Ali Dinar, mai rabo kuma ya samu shiga sashen Faransanci na Jami'ar Hartum. Yaƙi ya tarwatsa wannan tsari. Yanzu da mutane ke komowa, tun bayan da soja suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025, ɗan talaka ba shi da kowa sai ku. Uwarsa ta sayar da shayi a bakin Suk Libiya, ubansa ya kwana kan tukubar agashe, suka tara abin da suka miƙa muku.

Na zauna a bayan aji irin naku na ga yadda ake yi. Ustaz ya ɗauki alli ya rubuta *ne*, ya bar fili, ya rubuta *pas*, ya ce fi'ili ake sawa a tsakiya. Ya juyo ya ce, "*Ne*, ya'ani *ma*." Yara suka amsa. Daga nan sai rera karatu: *je ne mange pas, tu ne manges pas, il ne mange pas*, har zuwa *ils*, a koma farko, a sake. Murya na tashi har maƙwabta na ji, iyaye na wucewa suna jin daɗi yara na karatu. Kafin kiran magariba an gama babin korewa. Washegari an shiga sunayen 'ya'yan itatuwa.

A cikin waccan magana guda, "*ne* ya'ani *ma*", ɓarnar take. Larabcin Sudan da ƙwaya ɗaya yake kore aiki, kuma a gaba yake ajiye ta: *ma jit*, *ma arif*, *ma fi*. Da zarar kun ce wa yaro *ne* ita ce *ma*, ya gama yanke hukunci a ransa cewa korewa ta cika a nan, *pas* kuwa wata jela ce da ake maƙalawa don faranta wa malami. Ranar da ya firgita, ko jimla ta yi tsawo, jelar ce farkon abin da zai yar. Sai ka ji ya ce *je ne mange*, ko *je ne comprends*, ya yi shiru yana jiran a gane shi. Alhali a bakin masu harshen akasin haka ne. *Pas* ce ke ɗauke da nauyi, *ne* ce ke faɗuwa. Wani masani Ba'amurke, William Ashby, ya naɗi hirar mutanen birnin Tours a Faransa a 1976, ya tarar suna zubar da *ne* a kusan kashi 63 cikin 100 na jimlolin korewa. Da ya koma a 1995, abin ya kai wajen kashi 82. Wato kun sayar wa yaro takalmi wari ɗaya, kuma warin da masu takalmin da kansu suke yarwa.

Tarihin harshen ma haka ya nuna. A tsohon Faransanci *ne* kaɗai ta isa. *Pas* asalinta taki ne, takin ƙafa, ana ƙara ta don ƙarfafa magana, yadda Bahaushe zai ce ba zan tafi ba ko taki ɗaya, ban sha ba ko ɗigo. A hankali ƙarin ya zama wajibi, daga baya ya ture uwar gida ya zauna. Otto Jespersen, mutumin Denmak, ya bayyana wannan juyi tun 1917. Ba a ce ku ɗora wa mai koyo sunayen masana ba. Amma malamin da bai san wace ƙwaya ce ke riƙe da jimla ba, me zai koyar?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mabuɗin yana cikin ajin, a bakin yaran, kun hana a taɓa shi. Bahaushe da ƙwaya biyu yake kore abin da ya wuce da abin da zai zo. Ban zo ba. Audu bai ci ba. Ba za mu tafi ba. Ka ce wa yaro ɗan shekara huɗu "ban zo" ka yi shiru, zai zuba maka ido yana jiran sauran, don kunnensa ya san maganar ba ta ƙare ba. Wannan kunne, da Balaraben Sudan da Bature mai Ingilishi suke shan wahala kafin su same shi, yaranmu da shi aka yaye su. A rubuta "ban zo ba" a allo, a rubuta *je ne suis pas venu* a ƙarƙashinta, a ja kibiya daga *ba* ta farko zuwa *ne*, daga ta biyu zuwa *pas*, a ce kamar yadda ba ka iya barin *ba* ta ƙarshe, haka ba ka iya barin *pas*. An gama. Yaron ba zai ƙara mantawa ba. Na ji da kunnena malami Bahaushe yana neman misalin korewa mai ƙwaya biyu, ya tsallake harshen uwarsa ya tafi har Alƙahira ya aro *ma* da *sh* na Larabcin fina-finan Masar. Yara goma sha wani abu ne a gabansa, kusan dukkansu da Hausa ake tashinsu da asuba.

Kuma abin bai tsaya kan *pas* ba. Sauran 'yan'uwanta da kuke gudu, kuna cewa sun yi wa mai koyo nauyi, kowace tana da takwara a Hausa, tana zaune daram. Ban taɓa zuwa Abeshe ba: *je ne suis jamais allé à Abéché*. Ban ci komai ba: *je n'ai rien mangé*. Ban ga kowa ba: *je n'ai vu personne*. Ba wanda ya zo: *personne n'est venu*. Ban samu katin ba tukuna: *je n'ai pas encore reçu la carte*. Na daina shan taba: *je ne fume plus*. Ba uwa ba uba: *ni père ni mère*. Dubi *kowa* da *komai* da kyau. A jimlar tabbatarwa suna nufin duka, a ta korewa suna nufin babu ko ɗaya, don haka Bahaushe ba zai yi mamakin *personne* ba, wadda take nufin mutum a wani wuri, ta koma ba kowa a wani wurin. Sai kuma *ne... que*, wadda ke rikita ɗalibai har a jami'a saboda kamarta kamar korewa ce amma taƙaitawa take yi. *Je n'ai que cette chemise*: ba ni da komai sai wannan riga. *Sai* ɗinmu ce, ba ƙari ba ragi, kuma duk yaron da ya yi makarantar allo ya san *illa* ta Larabci da ke wannan aiki. Harsuna biyu yaron yake da su da za su kama hannunsa, kun ɗaure ɗaya, kun yi amfani da ɗayan ta bai-bai.

Kada wani ya ce na ce Hausa da Faransanci abu ɗaya ne. Akwai wuraren da Hausa za ta ja yaro cikin rami, kuma malamin kirki a nan ake gane shi, don shi kaɗai ya san inda ramin yake. Bahaushe yana kai *ba* ta biyu ƙarshen jimla, bayan ya kwashe komai a ciki: ban ga Musa a kasuwa ba. Bafaranshe ba ya barin *pas* ta yi nisa, manne take da aikatau ɗin da aka sarrafa: *je n'ai pas vu Moussa au marché*. In ba a faɗa wa yaro ba, zai jefa *pas* can bayan kasuwa. A shuɗaɗɗen lokaci *pas* da *jamais* da *rien* suna shiga tsakanin mataimakin aikatau da babban aikatau, *personne* kuwa sai ta bari an wuce su duka biyu. Haka kuma a lokaci mai ci Hausa da *ba* ɗaya take aiki, ba na zuwa, ba ya ci, amma Faransanci yana nan da biyunsa: *je ne viens pas*. A nan ne Hausa da Larabci suke haɗa kai su ruɗi yaro, a nan ya kamata malami ya daɗe. Sannan *un* da *une* da *des* suna komawa *de* bayan korewa, *j'ai un passeport* ta zama *je n'ai pas de passeport*, sai fa in aikatau ɗin *être* ne, kamar *ce n'est pas un passeport*. Wannan babu shi a Hausa, babu shi a Larabci, sai an yi ta maimaitawa da abubuwan da yaro zai faɗa da gaske, takarda, kuɗi, magani, lambar waya. Ku kuwa kuna nan kuna rera *mange*.

Rami mafi zurfi shi ne amsa tambayar da aka kore. A ce wa Bahaushe "Ba ka ci abinci ba?" zai ce "I, ban ci ba", wato ya gaskata mai tambaya. Bafaranshe a wannan wuri *non* yake cewa. In kuwa ya ci, ba ya cewa *oui*, yana da kalma ta musamman, *si*, wadda ke aikin *bala* da kowane ɗalibin nahawun Larabci ya sani. Ɗan ƙanwata ya yi darasi irin naku kafin ya tafi Chadi. A wani ofis ma'aikaciya ta tambaye shi, *vous n'êtes pas déjà enregistré ailleurs?*, wato ba a riga an yi maka rajista a wani wuri ba? Ya gane tambayar sarai. Ya ce *oui*, yana nufin i, ba a yi mini ba. Ta ɗago ta dube shi, ta sake tambaya. Ya sake cewa *oui*, da ƙarfi wannan karon, don ya nuna ya tabbata. Ta ture takardarsa gefe ta ce ya jira tafinta, ta kira na bayansa. Tun asuba yake kan layin, sai da ya kwana ya dawo. Da ya ba ni labari ya ce, "Kawu, ni fa na san abin da take faɗi, bakina ne ya ƙi." Bakinsa bai ƙi ba, ba a koya masa ba ne. Bayanin *oui* da *non* da *si* ba ya cin rabin sa'a.

Ga kuma kunne, wanda kuka yi watsi da shi gaba ɗaya. Yaro ya saba ganin *je ne sais pas* a rubuce, ya fita waje ya ji ana cewa *j'sais pas*, wani ma ya dunƙule ta ta koma kamar "she pa", sai ya ɗauka wani harshe ne daban. Ya kamata tun makon farko a gaya masa: in za ka rubuta, ko kana gaban mai jarrabawar DELF, sa *ne*, in kana sauraro, kada ka jira ta, *pas* da *jamais* da *rien* za ka kasa wa kunne. Mafi haɗari ita ce *plus*. In an zubar da *ne*, *j'ai plus de médicaments* na iya nufin maganina ya ƙare, na iya nufin ina da ƙarin magani. Abin da ke raba su sautin *s* ne a ƙarshe: in an furta shi ƙari ne, in an haɗiye shi babu ke nan. Mai ciwon hawan jini da ya aiki ɗansa kyamis, rayuwarsa na iya ratayawa a kan wannan sauti. Haka rubutun jikin kwali, *ne pas avaler*, *ne pas dépasser la dose*, inda ƙwayoyin biyu suke haɗuwa a gaba ba komai a tsakaninsu, ma'ana kada a haɗiye, kada a wuce ƙima. Yaron da aka ce masa dole fi'ili ya zauna a tsakiya, in ya ga wannan bai san hani ba ne. Da an ce masa *kada* ce, da ya gane nan take.

Na san uzurinku. Za ku ce ajin a cakuɗe yake, akwai yaran Dar Fur, akwai na duwatsun Nuba, akwai na Larabawa. To sai me? Ku kawo misalin Larabci inda Larabci ya dace, *illa* da *bala* na nan, ku kawo na Hausa inda Hausa ta dace. Yaron da ba ya jin Hausa ba zai cutu ba don ya ga "ban zo ba" a allo na ɗan lokaci. Wasu kuma za su ce ƙa'idar zamani ita ce kada a yi wani harshe a aji sai wanda ake koyo. Wannan magana da ta karɓu da a ce ba da Larabci kuke yin darasin daga farko har ƙarshe ba. Hausa kaɗai ƙa'idar take hawa kanta.

Ainihin dalilin kunya ce, mu faɗa wa juna gaskiya. Na san inda ta samo asali. Kakanninmu sun zo ta hanyar hajji, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Sun noma audugar Jazira, sun zauna a unguwar Ishash Fallata kafin a tashe su, kuma bayan shekara fiye da ɗari har gobe akwai mai kallonsu baƙi. Ba mu manta jinin da aka zubar a jihar Shuɗin Nilu a watan Yuli na 2022 ba, da yadda Hausawa suka fito titunan Hartum suna neman a yi musu adalci. Mutumin da aka daɗe ana yi wa gori da harshensa yakan koyi ɓoye shi, har ya ɗauka ɓoyewar wayewa ce. Ina jin wannan ciwo, a jikina yake. Amma ciwonku ba hujja ba ne na tauye yaron da aka biya ku ku koyar. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya rubuta littafi sukutum a 1999 kan Hausar Sudan da yadda take cuɗanya da Larabci, bai ga abin kunya a ciki ba. Ku da allonku ke jingine a zauren Bahaushe ne za ku ji nauyin rubuta jimlar Hausa ɗaya? Ko yaron da Hausarsa ta yi rauni, wanda aka haifa a Umdurman yake amsawa da Larabci, "ban sani ba" da "ban gani ba" suna cikin kunnensa daga bakin kakarsa.

Wanda ya san bai ƙware a wannan babi ba, ya koma ya karanta kafin ya sake ɗaukar alli, ba abin kunya ba ne. Wanda ya ƙware amma yake tsallakewa don ya yi saurin gama littafi a ce ajinsa na gudu, ya ji tsoron Allah, haƙƙin mai shayi da mai agashe yake ci.

Ku kuma iyaye, ba sai kun iya Faransanci za ku gane ko ana cutarku ba. In yaro ya yi wata uku yana zuwa darasi, ku zaunar da shi ku ce ya faɗa muku "ban taɓa zuwa ba", da "ba ni da kuɗi", da "ban ga kowa ba". Ku kasa kunne: a ta farko za ku ji "jame", a ta biyu "pa", a ta uku "person". Sannan ku tambaye shi me zai ce in an ce masa "ba ka zo jiya ba?" alhali ya zo. In bai ce "si" ba, ku je wurin malamin ku tambaye shi dalili. In bai gyara ba a wata mai zuwa, ku cire ɗanku ku kai shi wani wuri.